Yabon da Ya Kusa Kashe Mijina a Ƙasar Salkuna

A garin nan akwai wani mutum, mai dogon gemu da gajeriyar godiya, mai faffaɗar riga da matsattsiyar gaskiya, wanda ya saci labarina ya naɗa a kansa kamar rawani. Kullum la'asar sai ya shimfiɗa buzu a gindin ɗorawar bakin kasuwa, ya tara marasa aikin yi, yana ba su labarin yadda shi da basirarsa ya gano hanyar ruwa a Ƙasar Salkuna, har ya koyar da sarki da talakawa. Ƙarya yake yi. Ba zan kama sunansa ba, don 'yar mutunci ba ta kama sunan mijinta, ko da ɓarawon labari ne. Amma ni Tabawa mai kifin gishiri, da ƙafata na je, da bakina na fito da shi da rai, kuma yau sai kun ji yadda aka yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tukuici, daga yau an daina.

Ni ban yi karatu ba. Makarantata kwando ce da wuƙa. Shekara ashirin da ɗoriya ina feɗe kifi, in barbaɗa masa gishiri, in zauna in ga yana tsatsafo da ruwa kamar wanda aka yi wa mutuwa. In jiƙa busasshen tumatir, in ga tsoho ya kumbura ya koma saurayi. Ban tambayi kowa dalili ba. Ido ne ya koya mini cewa ruwa yana bin gishiri kamar yadda maroƙi ke bin gidan biki.

Wata rana mutumin nan ya ji a bakin fatake cewa bayan duwatsu bakwai akwai ƙasar da gishiri ya yi ƙaranci, har wanda ya kai musu cikin tafin hannu sai a ɗauke shi a ka. Na dawo daga rafi na tarar ya ɗaure gishirina na shekara guda a bayan jakuna biyu.

Na ce, "Malam, ina za ka da gishirina?"

Ya ce, "Neman arziki. Maganar maza ce."

Na ce, "To ni da gishirina ba ma rabuwa. In jakunan nan maza ne, a lissafa da ni." Na ɗauki ƙullin kayana na bi su.

Muka yi tafiya, muka ƙara tafiya, muka wuce dajin da itatuwansa ke juya wa baƙo baya, muka haye rafin da ke gudu zuwa tudu, har muka iso dutse na bakwai. Babu hanya sai ta cikin wani kogo, kogon kuwa cike yake da makafin kuraye. Ba su gani, amma hancinsu na jin warin gumin mutum daga nesa. Muna tsaye a bakin kogo da rana tsaka muna jin kukansu, sai mai gidana ya ja da baya.

Ya ce, "Tabawa, arziki fa ba dole ba ne. Mu koma."

Na kwance ƙullina na ciro dunƙulen daddawa mai wata uku, irin wadda ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka a kanta. Na wurga ta cikin kogo, na nemi dutse na zauna.

"Me kike jira?"

"Ina jiran wari ya yi tafiya."

"Babu iska a kogon nan, wa zai kai shi?"

Na ce, "In na buɗe daddawa a madafa, wa yake kawo maka labari a zaure? Wari ba ya son cunkoso. Daga inda ya yi yawa yake rarrafawa zuwa inda babu shi, har sai ko'ina ya samu rabonsa."

Haka kuwa aka yi. Kuraye suka yi rububi suka cinye daddawar, amma warin ya riga ya bazu, ya cika kogo tun daga baki har ƙurya. Dutse daddawa, jaki daddawa, bakin kura daddawa. Muka ratsa ta tsakiyarsu suna ta shinshinar juna suna cizon 'yan'uwansu. Abin da ya faru da wandon mai gidana a cikin kogon nan, za mu zo kansa.

Bayan dutse muka faɗa wata fadama mai matsattsaku, kowane ɗaya ya kai taɓarya. Ɗaya ya maƙale masa a ƙwauri yana zuƙa. Ya kurma ihu ya kama zai fizge, na doke hannunsa, na dumbuzo gishiri na watsa wa abin. Nan take ya fara kumfa, ruwa na kwarara daga jikinsa, ya yamutse ya faɗi kamar busasshiyar kuɓewa.

Ya ce, "Ashe gishirin naki dafi ne."

Na ce, "Ba dafi ba ne. Ruwan jikinsa ne ya ratsa fata ya fito ya bi gishiri." Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ku riƙe wannan, don a gindin ɗorawa cewa yake shi ya faɗa.

Kwana uku bayan nan muka ga Ƙasar Salkuna. Kun san salka, jakar fatar nan da matafiya ke zuba ruwa. To mutanen ƙasar a cikin irinta suke zama, sai dai tasu mai rai ce, girmanta ya kai ɗaki, fatarta shara-shara har kana ganin inuwar na ciki. Kowace salka tana zaune a cikin kududdufinta da aka kewaye da ginin laka. A cikinta akwai wani romo mai ɗan gishiri-gishiri da ya kai gwiwa, gadon mai gida yana yawo a kansa. Ba taga, ba kafar hayaƙi, amma ba wanda ke shaƙewa, don iska mai kyau tana ratsa fata ta shiga, numfashin da aka gama da shi ya ratsa ya fita. Ƙofa kuwa baki ce. In salka na cikin lafiya sai ta buɗe, in ta wahala sai ta datse, kuma ba wuƙar da ke yanka ta.

Suna da al'ada guda wadda duk ƙasar ta rataya a kanta. In za a girmama mutum, sai a taru a bakin kududdufinsa, duk yabo ɗaya a zuba ludayin gishiri ɗaya a ruwan. In za a kunyata shi, duk aibi ɗaya a zuba tulun ruwan marmaro ɗaya. Mai riƙe da ludayi da tulu wata tsohuwa ce mai ido ɗaya, Gwaggo Ɗigau, kuma in ba ita ba, wanda ya taɓa kududdufin wani sai an yanke masa hannu. Gidajen manya duk sun yi tamoji, na sarkinsu Yamutsau ya fi kowanne, kamar fuskar tsohon biri. Wai gidan ne ke sunkuyar da kai don dattako. Gidan wanda aka kunyata kuwa sai ya kumbura har ya fashe, wai fushi ne ya cika shi. Da yake gishirinsu bai taka kara ya karya ba, yabo bai taɓa kashe kowa ba. Sai da muka zo da jakuna biyu.

Mai gidana ya shiga gaban sarki ya zube, ya ce ga gishiri ya kawo gaisuwa daga ma'adinansa. Ma'adinansa! Sarki ya nuna ni ya ce wace ce wannan.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai kora mini jakuna ce."

Na haɗiye, amma na ajiye ta a inda nake ajiye irinta.

Sarki ya yi umarni a saka baƙo a salkar alfarma, duk garin ya fito yabo, a zuba masa daga gishirin da ya kawo. Ni aka bar ni a inuwa da jakuna. Yabo ya fara sauka kamar ruwan Agusta. Wani ya ce gemunsa ya fi na kowa, ludayi. Wani ya ce tafiyarsa ta manya ce, ludayi. Wata ta ce ko tarinsa akwai hikima a ciki, ludayi. Shi kuwa yana kishingiɗe a ciki yana ɗaga musu hannu.

Kafin la'asar salka ta fara tamoji. Gwaggo Ɗigau ta ce, "Kun gani? Gida ya san mai shi."

Washegari da hantsi na zo na ga aikin da yabo ya yi. Ruwan kududdufi ya ƙaru, salka ta ragu. Romon cikinta duk ya tsotse ya fito waje, rufin ya sauko ya kwanta masa a ka, ƙofa ta datse. Kifina na gani a kwando, sai dai wannan kifin yana da gemu.

Yana kira da wata 'yar murya, "Tabawa! Tabawa, ana matse ni!"

Jama'a suka ce, "Allahu akbar, ji tawali'u. Ƙara masa!"

Na kutsa na tsaya gaban tsohuwar. "Gwaggo, ajiye ludayin nan. Kashe shi kuke yi."

"Ke mai jakuna, girmama shi muke yi."

"Girman uwar wa? Fatar nan tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na wucewa, gishiri ba ya wucewa. Kun cika waje da gishiri, ruwan ciki ya fito ya bi shi. Kafin azahar mutumin nan ya zama kilishi."

Ta kalle ni da idonta guda. "Yabon da aka zuba ba a kwashe shi."

"To a zuba ruwan marmaro ya tsinka shi."

"Ba a zuba tulu sai da aibi. Kuma ba mai faɗin aibi sai wanda ya ci tuwo da mutum shekara guda, kuma sai mai aibin ya amsa da bakinsa."

Jama'a, kun taɓa jin yunwa aka ajiye muku akushi? Na gyara ɗaurin zanena. Na ce, "Shekara ashirin da uku nake cin tuwo da shi. Matarsa ce ni. Jawo tulunanki kusa, Gwaggo, ki aika a ƙaro."

Na juya wajen salka. "Na farko, gishirin nan nawa ne. Ba shi da ma'adini, ko rijiya ba shi da ita."

Daga ciki ya ce, "Ƙarya ne!"

Na ce, "To madalla. Zauna ka mutu da mutuncinka, sai a binne ku tare."

Fata ta ƙara matsawa, na ji ƙashinsa ya yi ƙara. Sai murya ta fito, "Gaskiya ne."

Tulu ɗaya ya sauka.

"Akuyata mai ƙafa fari da ka ce kura ta cinye, kurar tana da rumfa a kasuwar Laraba?"

"Gaskiya ne, na sayar."

Tulu.

"Gemun nan da kuke yabo, shuni yake shafa masa duk Juma'a."

"Tabawa, haba!"

"Amsa!"

"Gaskiya ne."

Na faɗi ranar da zakaran maƙwabta ya bi shi har kan rumbu. Na faɗi yadda yake cewa yana azumin nafila, a same shi bayan danga da ƙosai. Na faɗi abin da ya faru da wandonsa a kogon kuraye, har da inda muka wanke. Tulu na bin tulu, kududdufi ya cika ya tumbatsa, ruwan gishiri na malala waje. Jama'a tun suna salati har suka koma riƙe ciki. Salka kuwa ta fara shan ruwa. Tamoji ya miƙe, rufi ya ɗaga, na ga inuwarsa ta tashi zaune.

A nan ya kamata in tsaya, na sani. Amma wanda ya shekara ashirin da uku yana tara magana, ba a rana ɗaya ake ce masa ya isa ba. Na tuno da mai kora jakuna, sai bakina ya ƙwace. Na shiga danginsa, na fito, na koma kan minsharinsa. Shi kuma tsoro ya sa ko me na ce sai ya ce gaskiya ne, har abin da ban gama faɗa ba.

Sai Gwaggo Ɗigau ta dafa ni. "Ke 'yar nan, dubi aikinki."

Na duba. Salka ta zama ƙatuwar ganga, fatarta na sheƙi tana ƙara kamar za ta tsage. Yanzu waje ya zama salam ba gishiri, gishirin da ya rage na ciki ne, ruwa kuwa sai shiga yake yana binsa. Romo ya taso ya kai masa haɓa, ya manne da rufi yana haki. Ƙofa ta sake datsewa.

Tsohuwa ta ce, "In ta fashe da mutum a ciki, a kwando ake tattara shi."

Na ce, "Gishiri! Ku yabe shi!"

Jama'a suka kalli juna. Wani ya ce, "Mai shunin? Ai sai dai ke."

Gwaggo Ɗigau ta ce, "Kuma bakin da ya tona mutum, ba na karɓar yabonsa sai ya ratsa ni."

Na laluba, wallahi da ƙyar na samo ɗaya. Na ce, "Yana da tsawo."

"Rimi ma yana da tsawo."

"Ba ya cin abinci da hagu."

"Jakinki ma haka."

Salka ta yi wata ƙara. Na ga hancinsa kaɗai ya rage a sama. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

Na ce, "Shekarar da agana ta kama ni, uwata ma daga bakin ƙofa take gaishe ni. Mutumin nan ne ya zauna. Kwana arba'in yana ba ni kunu da ludayi, yana goya ni zuwa bayan gida. Ya ɗauki wuƙata ya zauna bakin rafi yana feɗe kifi don kada masu sayen kifina su watse, maza na wucewa suna kiransa Hajiya. Ya yanke yatsa sau uku, bai iya ba, bai bari ba. Kuma duk surutunsa, duk ƙaryarsa, bai taɓa ba kowa wannan labarin ba."

Tsohuwa ta cika ludayi har ya yi tozo ta zuba. Ta ce, "Wannan ya ci uku." Ta ƙara biyu. Sannan ta ce, "Yaya zan san ya isa? In na zarce, mun koma gidan jiya."

A lokacin wani abu ya gangaro mini daga ido ya shiga baki. Gishiri ne ya faɗa mini a ido, kada wani ya ce wani abu. Na ɗanɗana shi, na tsoma yatsa a kududdufi na ɗanɗana. Na ce, "Da saura. Ƙara rabi." Ta ƙara, aka dama da sanda. Na sake ɗanɗanawa. Na ce, "Tsaya nan. Ya yi daidai da hawaye."

Muka zuba ido. A hankali salka ta sassauta, ƙarar ta mutu, romo ya sauka ƙirji, ya sauka ƙugu, ya tsaya a gwiwa. Ciki da waje sun yi kunnen doki, abin da ke shiga daidai da abin da ke fita. Sai ƙofa ta yi hamma ta buɗe, ya fito da rarrafe, shuni na zuba daga gemunsa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Maganar ƙosan nan ba sai kin faɗa ba."

Sarki Yamutsau ya sa aka kira ni, ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan bai miƙe tsaye a ɗakinsa ba, ya ɗauka nauyin sarauta ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, yabo ne ya yi maka yawa. A samo masu gaya maka gaskiya." Sarki ya ɗage dokar cin tuwo, ban taɓa ganin layi irin na ranar ba. Har guragu aka ɗauko. Talakawa suka yi ta yi wa sarki magani da zuciya ɗaya, Gwaggo Ɗigau na ɗanɗana ruwa, har gidan ya miƙe sumul. Suka sallame mu da jakunanmu da kayan da suka fi gishirin daraja.

A hanyar dawowa ne na yi ta tunani, har na gane kifina ma garin salkuna ne, ƙanana ƙwarai, jere da juna, kowace da fatarta da romonta. Haka albasa, haka matsattsaku, haka ni da ku. Masu karatun boko sun ce sunansu ƙwayoyin halitta. Su riƙe sunan, ni na shiga garin. Shi ya sa wanda ya sha ruwan gishiri ƙishirwa ke ƙara kama shi, shi ya sa ganyen da ya yi yaushi ke miƙewa in an tsoma shi a ruwa.

Yanzu ga shi can a gindin ɗorawa, wai shi ya zauna cikin salka da gangan don ya auna tafiyar ruwa. To gobe ku je ku zauna a buzunsa. Ku tambaye shi da me aka gane gishiri ya isa. In ya ce da hawaye, ku ce na wa. In ya fara tari, ku tambaye shi kurar da ta ci akuya mai ƙafa fari. Sannan ku koma gida ku yanka yalo ku barbaɗa masa gishiri, ku jiƙa busasshen tumatir a ƙwarya. In yalo bai yi kuka ba, in tumatir bai kumbura ba, ni Tabawa na yarda a aske mini kai a tsakar kasuwa. Wanda kuma ya ga ya isa ya ce ƙarya nake, kada ya faɗa a bayana. Ina bakin rafi, ga kwando, ga gishiri, ga wuƙa. Ya zo ya musa.